Mai Hoto da Fuskar Auta

Mai Hoto mutum ne da in ka gamu da shi a hanya ba za ka sake waiwayarsa ba: siriri, fari-fari, da tabarau rataye a wuya wanda kullum yake nema a aljihu. Shagonsa na bayan tashar mota, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da takalma. Ɗaki ɗaya ne da labule ya raba biyu. A gaba akwai tebur da kwamfuta da bencin masu jira. A baya kuma kujera ɗaya, fitilu biyu masu dogayen ƙafafu, da wani babban ƙyalle mai zanen lambu, irin lambun da garin bai taɓa gani ba ko a mafarki. Rabin mutanen unguwar a cikin lambun nan suka yi aure, a cikinsa kuma suka gama makaranta.

Tun yana saurayi ya koyi sana'ar a hannun wani dattijo, zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu, hannu ya yi ta warin magani har wajen cin abinci. Dattijon ba mai yawan magana ba ne, amma akwai karatu guda da ya yi ta nanata masa har ya zauna daram: ba wanda ke takowa shagon hoto don ya ga kansa yadda yake, ai yana da madubi a gida. Ta nan Mai Hoto ya koyi abin da masu sana'ar ke kira gyara. A goge ƙuraje, a rage tumbi, a cike giɓi in mai shi na so, sannan uwa uba a haska fuska. Da kwamfuta ta zo, aikin da ke cin yini ya koma na ɗan taɓawa. Hannunsa ya saba har ya daina shawara da shi. Hoto na hawa allo, yatsa zai ja haske sama, kamar yadda mutum ke gyara zaman hula bai ma san ya yi ba. Ba wanda ya taɓa dawo masa da hoto wai ya yi fari da yawa. Waɗanda suka dawo, ƙari suka zo nema.

A shagon ya haɗu da matarsa. Ta zo ɗaukar ƙaramin hoto na neman aiki a wani kamfanin ɗinki, doguwa, baƙa mai sheƙi, 'yar mutanen hayin kogi, waɗanda 'yan gari ke kira 'yan ƙetare suna ɗan taɓe baki. Harshensu daban, kamanninsu daban, kuma ko sun shekara hamsin a gari baƙi ake ce musu. Da ya miƙa mata hoton ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sa a jaka ba ta ce komai ba. Shi ya ɗauka kunya ce.

Da maganar aure ta taso, danginsa suka tada jijiyar wuya. Yayarsa, wadda yara suka zo suna kira Gwaggo, ta rantse ba za ta taka gidansa ba, rantsuwar da ba ta daɗe ba, don Gwaggo ba ta iya zama ba ta san abin da ake ciki a gidan mutane ba. Shi kuwa ya kafe, ya aure ta. A duk rayuwarsa ba abin da yake alfahari da shi kamar wannan, kuma a gaskiya ya cancanci ya yi. In hira ta yi daɗi a bencin shago yakan bugi ƙirji ya ce, "Ni ban san ƙabila ba. Ku je gidana ku gani."

In ka je gidan kuwa, harshen gari za ka ji ana yi. Ba wanda ya kafa doka, haka kawai abin ya tafi. Matar ta naɗe nata harshen ta ajiye, ba ta ɗauko shi sai in tana waya da mahaifiyarta, a kicin, murya ƙasa-ƙasa. Allah ya ba su maza biyu, farare kamar ubansu, sannan ya rufe da mace, baƙa kamar uwarta. Auta suke ce mata, kuma kowa ya san ita ce ta gaban goshin Mai Hoto. Ba wanda ya sha kyamara a garin nan kamar yarinyar. Ta yi haƙori, hoto. Ta fara tafiya, hoto. Ta sa kayan makaranta, hoto. Bangon falo ya cika da firam tun daga kan talabijin har bakin ƙofa, kuma kowane ɗaya sai da ya bi ta ƙarƙashin yatsan nan kafin a buga shi.

Auta ta girma ba ta damu da launinta ba, sai da ta shiga babbar sakandare. A nan ne yara suka fara rarrabuwa, ba tare da wani ya ce su yi ba. Lokacin tara 'yan gari su zauna a matakalar ɗakin gwaji, 'yan ƙetare su taru jikin bango wajen famfo. Auta tana matakala, kusa da ƙawarta ta tun firamare, 'yar mai kemis. Abin da ya faru a can Mai Hoto bai sani ba a lokacin. Daga baya ya ji shi, a gutsure-gutsure, wani daga bakin uwar, wani daga bakin yarinyar.

Wata rana wata yarinya ta ga yayyen Auta sun zo ɗaukarta, washegari ta tare ta a matakala. "Ke wai da gaske yayyenki ne waɗancan? Uwa ɗaya uba ɗaya?"

Auta ta ciro waya ta nuna musu hoton gida, kowa da kowa a cikin lambun babanta. Waya ta zaga hannu-hannu.

"Nan kam kin fito 'yar gari sak," in ji yarinyar. "To me ke samunki in kin fito fili?"

Aka kwashe da dariya. 'Yar mai kemis ma ta ɗan yi, kuma tata ce ta fi yi wa Auta ciwo. Bayan 'yan kwanaki ta je shan ruwa a famfo, wata doguwar 'yar ƙetare ta gaishe ta da harshensu. Auta ta tsaya da ruwa a baki, ba ta san ko me ake amsawa ba. Doguwar ta juya ga ƙawayenta ta ce da harshen gari, don kar a bar Auta a duhu, "Fatar ce kawai. Ciki babu kowa."

Shi abin da Mai Hoto ya gani a gida kaɗan ne, kuma duk ya fassara shi a baibai. Ranar iyaye a makaranta Auta ta ce shi take so ya je, Mama ta huta, ya ji daɗi. Ta ce ya tura mata duk hotunanta a waya, ya ji daɗi. Ya sha shigowa ya tarar da ita tsaye a falo tana kallon bango, ya ce a ransa yarinyar nan ta san aiki mai kyau. Da fuskarta ta fara washewa, Gwaggo ta kama haɓarta ta ce, "Alhamdu lillahi, jininmu ya fara tasowa. Dama na ce a yi haƙuri." Ya yi murmushi. Mutumin da ke hango ƙurji ɗaya a goshin baƙo tun daga bakin ƙofa, bai ga gaɓoɓin yatsun 'yarsa sun fi fuskarta duhu ba.

Ana cikin haka surukarsa ta zo gari ganin likita saboda ciwon gwiwa. Kaka, kamar yadda yara ke kiranta, ba mai son tafiya ba ce, ba ta taɓa taka wannan gidan ba. Da yaran na ƙanana akan kai mata su, da suka girma aka yi ta cewa makaranta, makaranta, har zuwa ya tsaya. Gajeruwa ce, da sandar da ta fi amfani da ita wajen nuna abu fiye da dogarawa. Harshen gari a kasuwa ta koye shi, iya na ciniki da na faɗa, kuma ya ishe ta.

Mai Hoto ya durƙusa ya gaishe ta, aka ba ta ruwa, ta huta. Da yake ba shi da abin nunawa da ya wuce bangon nan, sai ya ce wa matarsa, "Ki ce wa Kaka ta duba hotunan jikokinta."

Tsohuwa ta miƙe ta bi bango firam bayan firam, tana kai fuska kusa tana janyewa. Da ta kai ƙarshe ta faɗi wata gajeruwar magana da harshenta.

Matar ta yi saurin cewa, "Ta ce sun yi kyau."

Kaka ta harare ta, ta juyo ga surukin nata da harshen kasuwa. "Ƙarya take yi. Ban ce kyau ba. Na ce ina 'yata."

"Ga ta nan, Kaka." Ya nuna babban firam na sama. "Ranar aurenmu ne."

"Ni na haife ta. Wannan ban haife ta ba. Ka ƙara aure ne ba ka gaya mana ba?"

Samarin biyu suka fashe da dariya. Mai Hoto ma ya yi ta yaƙe, ya matsa ya nuna wani. "To ga Auta, ranar da ta shiga makaranta."

Kaka ba ta ko duba ba. Ta zauna, ta buɗe 'yar jakarta, ta tona ƙarƙashin magunguna, ta ciro wani ɗan hoto da gefensa ya lanƙwashe. Wani mai yawo da kyamara ne ya ɗauke shi a ƙofar gidanta, lokacin da aka kai mata Auta tana rarrafe. Ta miƙa masa. Idon sana'a ne ya fara gani: an yanke rabin kan Kaka, hoton ya karkace, rana ta bugi bango ta bar mutane. Bayan nan ne ya ga yarinyar. Wata baƙar jaririya ce kumatu cike, zaune a cinyar tsohuwa tana dariya da haƙora biyu, launinta da na mai riƙe da ita kamar an tsaga kara. Ya san fuskar nan. Ita ce yake gani kullum da safe shekara da shekaru, amma da ya ɗaga kai ya duba bangonsa, babu ita ko a firam ɗaya.

"Wannan ce jikata," in ji Kaka. Ta nuna ƙofar ɗakin da Auta ke laɓe da sanda. "Ke, zo nan."

Auta ta fito tana jan ƙafa. Tsohuwa ta kama haɓarta ta juya ta wajen taga, ta murza kumatun da babban yatsa. A hasken nan kowa ya ga abin da ke wurin: fatar ta yi ja-ja, ta yi siriri, ga wasu ɗigo-ɗigo a gefen ido. Ta kamo hannun yarinyar ta ɗora a gefen kumatun, hannu baƙi, fuska wata iri. Ta faɗi wata magana a hankali da harshenta, wannan karon ba wanda ya fassara. Auta ta fizge hannunta ta shige ɗaki ta rufe. Samarin suka sulale waje.

Washegari da hantsi matarsa ta biyo ta shago kafin ta wuce wajen aiki, abin da ba ta saba ba. Ta ajiye wata 'yar kwalba a kan teburinsa. Man bilicin ne, an kusa shanye shi.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun farkon shekara. Na ƙwace ɗaya, ta sayo wani da kuɗin tara. Na yi faɗa, na yi lallashi. Ta ce in ƙyale ta, so take ta yi kama da kanta."

"Da kanta kamar yaya?"

"Da wadda ke bango."

Ya cire tabarau ya mayar, ya sake cirewa. "To ke me ya sa ba ki taɓa ce min komai ba? Naki ma ai haka na yi musu, tun na farko."

Ta gyara mayafinta, ba ta kalle shi ba. "Na ɗauka haka kake son ganina. Ka ɓata da danginka saboda ni, sai kuma in zo ina yi maka rigima a kan hoto?"

Bayan ta tafi ya rufe ƙofar shago ya kunna kwamfuta. Tunaninsa mai sauƙi ne: zai nemo ɗanyun hotunan, waɗanda ba a taɓa ba, ya buga su, ya cika bango da su, shi ke nan. Ya buɗe shekara bayan shekara. Babu. Dattijon da ya koya masa aiki ba ya ajiye abin da ba a gyara ba, yana ganin abin kunya ne wani ya gani, shi ma haka ya taso: in ya gyara sai ya ɗora sabon a kan tsohon, tsohon ya tafi. Haƙorin farko, takun farko, kayan makaranta, duk wata farar yarinya ce da ba a taɓa haifa ba ta yi su. Mai Hoto ya kifa kai a tebur ya yi kuka sosai, har mai gyaran waya ya ƙwanƙwasa yana tambayar ko rasuwa aka yi.

Da yamma ya samu Auta a ɗakinta tana ninke kaya. Ya zauna a bakin gado, ya rasa ta inda zai fara, don shi mutum ne da iyakar maganarsa da mutane ita ce ɗaga haɓa, kalli nan, kar ki motsa.

"Auta, waɗancan hotunan, ni na yi. Ba ke ce da matsala ba."

"Na sani kai ka yi, Baba." Ba ta daina ninki ba. "To me ya sa kake yi, in ba ka ga abin gyarawa ba?"

"Hannuna ne ya saba. Kowa haka nake yi masa."

"Bai saba a kan su Yaya ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma ba shi da inda zai ɓoye. Sai ya ce, "Ki yafe min." Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta dai ajiye rigar da ke hannunta ta zauna a ɗaya gefen gadon, suna nan tare har aka kira su cin abinci.

Kafin mako ya zagayo ya sauke firam ɗin nan gaba ɗaya, bango ya rage da tabon murabba'i-murabba'i inda fenti bai koɗe ba. Ya ari ɗan hoton Kaka, da sharaɗin zai dawo da shi a ranar, ya faɗaɗa shi. Da girma ya ƙara dishi-dishi, rabin kan tsohuwa dai babu shi. Haka ya rataye shi, shi kaɗai a tsakiyar bango. Gwaggo ta zo ta gani ta ce, "Kai da kake mai hoto, wannan ne abin da ka samu ka rataya?" Ya ce e, shi ne.

Gwiwar Kaka ta ƙi jin magani da wuri, Allah ya sa, don haka zaman mako biyu ya koma na watanni. Ta ɗora wa Auta aikin shafa mata magani safe da yamma, ta kuma ƙi yi mata ko kalma ɗaya da harshen gari. In yarinya ba ta gane ba, a maimaita da ƙarfi, in har yanzu ba ta gane ba, a nuna da sanda. Abin da Auta ta fara iyawa shi ne faɗa, gaisuwa daga baya ta zo. Uwar kuwa, da ta ji harshenta na yawo a falo, ta fara amsawa daga kicin da cikakkiyar murya. Mai Hoto ya zauna cikinsu ba ya jin ko ɗaya, ya gane ashe matarsa mai barkwanci ce, don ba ta rufe baki sai tsohuwa ta yi dariya har da tari.

Fuskar ba ta dawo da sauƙi ba. Da aka bar man sai da ta ƙara lalacewa, ta yi baƙi-baƙi wuri-wuri, ta feso da ƙuraje. Zangon karatun nan Auta ta sha wuya. 'Yar mai kemis ta ja jiki a hankali, gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga nesa. A wajen famfo ma ba shimfiɗa aka yi mata ba, har yau akwai masu ce mata ruwa biyu. Amma wata rana ta taka ƙafar doguwar nan bisa kuskure, doguwar ta zage ta da harshensu, Auta ta mayar mata da wanda ya fi shi, irin na tsofaffi, wanda doguwar rabonta da ji tun a gidan kakarta. Doguwar ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Tun daga nan take gyara wa Auta furuci, tana yi tana tsokanarta, ita kuma Auta na taimaka mata da lissafi.

Shi kuma Mai Hoto ya koma ɗalibi da furfurarsa. Ya gano abin da ya fi ba shi kunya a sana'a: bai iya ɗaukar baƙar fuska ba. Fitilunsa tun fil azal a saitin fuska suke, yadda dattijo ya kafa su. Farin mutum ya fito tas, baƙi kuwa ya fito kamar an shafa masa toka, sai a bi shi da haske a kwamfuta a ce an gyara. Ya roƙi matarsa ta riƙa biyowa in ta tashi daga aiki ta zauna masa. Ya janye fitila ɗaya zuwa gefe, ya kashe ɗayar, ya jingina farin kwali ta ɗaya ɓangaren ya riƙa dawo da haske, ya naɗe lambun ya rataya ƙyalle mara zane. Ya ɗauka, ya duba, ya matsa fitila, ya sake.

"Wuyana fa ya ƙage," in ji ta. "Shekara ashirin ina gabanka, sai yanzu za ka fara kallona?"

"Kar ki motsa."

Ranar da abin ya yiwu, sai ga sheƙin nan a kan allo, a goshi da saman kumatu, shi ne dai wanda ya hana shi barci lokacin da ta fara shigowa shagon. Ta leƙo ta bayan kafaɗarsa ta daɗe tana kallo. "To," ta ce, "ka buga min biyu. Ɗaya na tsohuwa ne, kar ta ce ka ƙara aure."

Ranar da Kaka za ta koma, shi ya ɗauki jakarta zuwa tasha. Ya sama mata kujerar gaba saboda gwiwa, ya tsaya jikin taga yana ta juya maganar da ya shirya. Ƙarshe abin da ya fito kawai shi ne, "Kaka, na gode. Allah ya saka da alheri." Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ba mugu ba ne. Makaho ne kawai, kuma mai hoto." Har yau in ya tuna yakan yi dariya, kuma duk wanda ya zauna a bencin shagonsa ya isa hira, sai ya ji labarin surukar da ta tako da ciwon gwiwa ta tsamo masa 'ya. Ya daina cewa bai san ƙabila ba. Gyara kam yana yi, don da shi ake cin abinci, sai dai yanzu yakan tambaya tukuna.

Bai taɓa ce wa Auta ta zo ya ɗauke ta ba. Ya ajiye kyamara daga kanta gaba ɗaya, yana jira. Sai bayan an yi hutu an koma, wata Asabar da rana, ta shigo shagon da kanta, ta wuce bayan labule ta zauna a kujera. Fuskar ta dawo baƙa sumul, in ban da wani ɗan tabo a ƙarƙashin idon hagu da ya ƙi tafiya. Ya gyara fitila, ya ɗauka. Suka tsaya tare gaban allo.

"In goge tabon?" ya tambaya.

Ta yi tunani. "Bar shi."

Ya buga babba ya sa a firam, ya jingina a kan tebur kafin a tashi a tafi da shi gida. Auta ta koma baya tana naɗe wayoyin fitila. Ana nan wata mata ta shigo karɓar hotunan bikin ƙanwarta, ta zauna tana fifita da mayafi, idonta ya faɗa kan firam.

"Malam, wannan ba ka gama shi ba ko? Ka manta ba ka haska ta ba."

"Na gama, Hajiya. 'Yata ce."

Matar ta dube shi, ta dubi hoton, ta sake dubansa. "'Yarka? Ai kuwa ba ta biyo ka ba."

Kafin ya amsa, murya ta fito daga bayan labule, ba hanzari ba kame-kame. "Mamana na biyo. Mu 'yan ƙetare ne."

Mai Hoto ya ji wani ɗan abu ya soke shi, don ba a sa shi cikin lissafin ba. Amma bai taɓa jin yarinyar ta faɗi ko ita wace ce da murya irin wannan ba, kuma ya san da kyar aka kai nan. Ya gode wa Allah a ransa, ya sunkuya yana neman ambulan ɗin matar.

Labule ya motsa, Auta ta leƙo da waya naɗe a hannu. "Hancin ne kawai nasa," ta ce wa matar, "shi ma ban roƙa ba."

Ya miƙa ambulan, ya rasa inda zai sa fuskarsa don daɗi, sai ya hau laluben tabarau a aljihu.